Malam, Ja Numfashi Tukuna

 Na gode wa Edita da ya ba ni wannan fili don in faɗi ra'ayina game da wani darasi wanda na ke ganin ya kamata a shigar da shi cikin horon da a ke ba masu shirin zama malamai. Na san waɗansu za su yi dariya da sun ji sunansa, don kuwa darasin shi ne numfashi. Wani ma zai ce, "Kai, wannan mutum da neman magana ya ke! Jaririn da aka haifa yau ma ya iya numfashi, sai mu za a zaunar a koya wa?" To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan a yanke mini hukunci.

Kwalejin nan tana koya wa ɗalibi yadda zai tsara darasi, da yadda zai yi rubutu a allo, da yadda zai yi wa yara tambaya ya gane ko sun fahimta. Duk wannan daidai ne. Amma ba mu koya masa abin da zai yi da kansa sa'ad da gabansa ke faɗuwa, ko sa'ad da zuciya ta ɗebe shi. Aikina ya kan kai ni makarantun da a ke tura ɗalibanmu koyarwar gwaji, in zauna a bayan aji ina dubawa. Galibi darasin suna sane da shi sarai. Abin da ke kayar da su abu biyu ne.

Na farko tsoro. Sai ka ga ɗalibi ya kwana yana shiri, amma da ya ga mai dubawa ya shigo da takarda, sai bakinsa ya bushe, muryarsa ta kama rawa, darasin minti 40 ya zuba shi cikin minti 15, ya tsaya yana kallon rufin ɗaki. Na biyu fushi. Yara sun cika aji maƙil, ga zafi, ga surutu, watakila ma suna raɗa da Yarabanci ko Ibo shi kuwa bai ji ba, sai ya zaci da shi su ke. Kafin ka ce me, ya daka tsawa, ya kai hannu ga bulala.

Wannan na biyun shi ya fi tayar mini da hankali. Bulalar da aka ɗaga cikin fushi ba ta zaɓen inda za ta sauka, tana iya samun ido, tana iya samun kunne. Zagin da aka yi wa yaro gaban 'yan'uwansa kuwa, Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Yaro ya kan tsani lissafi har tsufansa saboda ranar da malamin lissafi ya muzanta shi. Malami kuma ya kan ɓata aikin da ya yi shekara uku yana nema cikin ƙiftawar ido. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta hana a ji wa yaro ciwo a jiki ko a rai, ta kuma hana horon wulaƙanci. Amma doka tana cikin littafi, ba ta tsaye kusa da kai ta riƙe maka hannu. Wanda zai riƙe hannun kai ne.

To, da me za ka riƙe? Bari mu duba abin da ke faruwa cikin jiki. A 1915 wani masanin aikin jiki na Jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya bayyana cewa in tsoro ko fushi ya kama mutum ko dabba, jiki ya kan shirya wa ɗayan abu biyu, ko faɗa ko gudu. Wani sinadari mai suna adirenalin ya kan zuba cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, jini ya koma ga tsokar hannu da ƙafa, narkar da abinci ta dakata, miyau ya ƙafe, numfashi ya koma sama-sama. Wannan shiri yana da amfani ga wanda ya yi kiciɓis da kura a daji. Abin da ya ɓata shi ne, jiki ya kan yi wa mai dubawa da 'yan aji huɗu irin shirin da ya ke yi wa kura.

Duk cikin waɗannan abubuwa da na lissafa, wanne ke jin umurninka? Ka ce wa zuciyarka ta rage bugu, ka gani ko za ta ji. Ka ce wa gumi ya tsaya. Ko kusa! Numfashi ne kaɗai ke aiki da kansa kana barci, in kuwa ka ga dama ka karɓi ragamarsa ka juya shi yadda ka ke so. Shi ya sa na ke ce masa linzami. Mahayi ba ya kama ƙafar doki don ya tsai da shi, baki ya ke ja, sauran jiki ya bi.

Babban mutum mai lafiya, in yana zaune, ya kan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda, watau wajen sau 20,000 ke nan a kwana ɗaya. Kowane shaƙa ya kan ja iska kamar rabin lita, daidai cikin ledar ruwan nan da mu ke saye a bakin ƙofar kwaleji. Mai yin yawancin wannan aiki wata tsoka ce mai faɗi, kamar ƙwarya a kife, wadda ta raba ƙirji da ciki. In ta ja ta yi ƙasa, sai huhu ya buɗe ya cika, ciki ya ɗan turo waje. In ta saki ta koma sama, iska ta fita. Ka dubi jariri yana barci, cikinsa za ka ga yana tashi yana sauka. Mutum mai firgita kuwa da kafaɗa da saman ƙirji ya ke ja, da sauri da sauri, kamar wanda ya yi tsere.

Akwai kuma wata doguwar jijiya da ta fito daga gindin ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya ta sauka ga zuciya da huhu da hanji. Ita ce birkin zuciya. A 1921, a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, wani masani Otto Loewi ya cire zuciyar kwaɗi biyu ya sa kowacce cikin ruwan gishiri suna ta bugawa. Ya tsokani wannan jijiya ta zuciyar farko da lantarki, sai bugunta ya ragu. Ya ɗebi ruwan da ta ke ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma sai ta lafa. Nan aka gane jijiyar wani sinadari ta ke saki wanda ke rage gudun zuciya. Saboda wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel a 1936, tare da Henry Dale na Ingila. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, wannan birki da numfashi ya ke tafiya. Sa'ad da ka ke shaƙar iska birkin ya kan ɗan saki, sa'ad da ka ke fitarwa ya kan kama. Gani ya kori ji. Ɗora yatsa biyu a wuyan hannunka inda jini ke harbawa, ka ja numfashi sannu, ka sake shi sannu. Za ka ji bugun ya ɗan ƙaru wajen ja, ya ɗan ragu wajen saki, balle in kana da sauran ƙuruciya. Saboda haka wanda ya tsawaita fitar da iska, ya daɗe yana taka birki ke nan.

Kakanninmu ba su yanka kwaɗo ba, amma sun lura. Wane suna Bahaushe ya ba dogon numfashin nan da mutum kan yi bayan ya tsallake wata fargaba? Ajiyar zuciya. Watau da zuciyar a ɗauke ta ke, yanzu an sauke ta an ajiye. Masu bincike na Jami'ar Stanford da Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjeles, waɗanda suka gano mazaunin wannan abu cikin ƙwaƙwalwar ɓeraye a 2016, sun ce mutum ya kan yi ajiyar zuciya wajen sau 12 a awa guda ba tare da ya sani ba. Dalili kuwa, cikin huhu akwai 'yan jakunkunan iska fiye da miliyan 300, waɗansu su kan lanƙwashe, ajiyar zuciya ce ke sake buɗe su.

A 2023 waɗansu masana na Stanford suka gwada yin ajiyar zuciya da gangan. Suka sami mutum ɗari da 'yan kai suka kasa su kashi huɗu, kowane kashi da irin aikin da zai yi minti 5 kullum har wata guda. Kashi uku iri-irin numfashi aka ba su, na huɗu aka ce su zauna shiru su lura da numfashinsu kawai, kada su sake masa tafiya. Duka huɗun sun sami sauƙin damuwa, amma waɗanda suka fi samun daɗin rai su ne masu ja sau biyu ta hanci su saki dogo ta baki. Numfashinsu na yau da kullum ma ya ragu da sauri. Mutum ɗari ba su da yawa, wata guda kuma ba shi da tsawo, saboda haka ba zan ce an gama magana ba. Amma abin da aka gani ya dace da abin da aka sani game da jijiyar nan.

Ga yadda a ke yi, ga mai son gwadawa. Ka zauna ka miƙe bayanka, ka saki kafaɗunka. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, ka bar hannun ciki ya tashi, na ƙirji ya zauna kusan wuri guda. Sa'an nan ka tsuke baki ka fitar kana ƙirga ɗaya zuwa shida, kamar mai hura koko mai zafi. In ƙirgarka tana tafiya da sakan, numfashi 6 ke nan a minti, 30 a minti biyar. Hankalinka zai gudu ya tafi wajen kuɗin makaranta da jarrabawa da labarin gida. Kada ka yi faɗa da shi, ka dawo da shi ga ƙirga kawai. Wannan na safe ne ko na kwanciya barci.

Na cikin aji kuwa gajere ne. Da ka ji wuyanka ya ɗau zafi, haƙoranka sun haɗu, to, juya ka fuskanci allo ka ɗauki abin gogewa. Ka ja iska ta hanci, ka ƙara 'yar kaɗan a kanta, ka sake ta doguwa ta baki. Ka yi haka sau uku. Bai kai minti guda ba, yara kuwa sun zaci allo ka ke sharewa. Sa'an nan ka juyo ka yi magana. Amma fa ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai saba yi cikin kwanciyar hankali ba, ba zai tuna da shi ran da hankali ya tashi ba.

Yanzu bari in amsa wa masu musu, don na san akwai su, waɗansunsu kuwa suna da hujja.

Akwai masu cewa wannan al'adar mutanen Indiya ce, tana kuma haɗe da addininsu. Gaskiya ne mutanen Indiya sun daɗe suna tsara ilmin sarrafa numfashi cikin abin da su ke kira yoga, har Majalisar Ɗinkin Duniya a 2014 ta ware ranar 21 ga Yuni ta kowace shekara saboda ita. Amma huhu ba na wata ƙabila ba ne. A 2001 wani likitan Italiya, Luciano Bernardi, ya auna mutane suna jan carbin Katolika da Latin, ya kuma auna su suna maimaita kalmomin yoga, ya tarar duka biyun sun mai da numfashi wajen 6 a minti. Watau mutane daban-daban sun iso wuri guda, kowa ta hanyarsa. Mu ma muna da namu. Almajirin da ke koyon tajwidi ana nuna masa inda zai tsaya ya ja numfashi da inda ba a tsayawa. Masu waƙa a majami'a ana horar da su su ɗauko murya daga ciki. Mai busa algaita a ƙofar fada ya kan tara iska a kumatu yana busawa, yana kuma shaƙa ta hanci a lokaci guda, har busar ta yi ta tafiya ba yankewa. In mai algaita ya yi shekaru yana horar da numfashinsa don sana'arsa, ina dalilin da malami zai raina nasa, alhali da murya ya ke cin abinci? Malamar da ke ƙwala magana daga maƙogwaro tun safe har azahar, kafin Alhamis muryarta ta dushe. Wadda ta ɗora magana bisa iskar ciki kuwa, na bayan aji zai ji ta ba tare da ta yi ihu ba.

Akwai masu cewa, "Ai abin da ke damun malami albashi ne da ba ya isa, da aji mai cunkoso, da rashin kujeru da littattafai. Ka ce ya yi numfashi, ka raina masa hankali." Waɗannan sun yi gaskiya a rabin maganarsu. Numfashi ba ya biyan albashi, ba ya raba aji biyu. Wannan aikin hukuma ne, kuma Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya tun kafa ta a 1931 a kansa ta ke fama, mu ma ba za mu yi shiru ba. Amma kafin a gyara, ran Litinin da safe kai ne za ka shiga ajin nan, yaron da ke gabanka kuwa ba shi ya riƙe maka albashi ba. Bai kamata a huce a kansa ba.

Akwai kuma masu cewa in malami ya cika sanyi yara za su raina shi. Ni ban ce a bar yara su yi abin da suka ga dama ba. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Cewa na yi horon da aka yanke bayan zuciya ta kwanta ya kan zo daidai da laifi, yaro kuwa ya san bambancin malamin da ke gyara shi da wanda ke ramuwa a kansa. Ku tuna da malaman da kuka fi jin nauyinsu a firamare. Ina tsammani da yawanku za su tarar ba su ne masu yawan tsawa ba.

Sai gargaɗi, don kada a ɗauki maganata a kai ta inda ban aike ta ba. Dogon numfashi ba ya nufin a yi ta zuƙar iska da ƙarfi da sauri. Jinin mai lafiya a cike ya ke da iskar oksijin kusan ƙwarai, ba ƙari ya ke nema ba. In ka yi ta haki da gangan, sai ka zubar da iskar kabon da jiki ke bukatar ya riƙe kaɗan daga cikinta, jiri ya ɗebe ka, yatsu da leɓe su kama tsattsafa kamar ana soka allura. In ka ji haka ka dakata, ka koma numfashinka na kullum. Amfanin yana ga yin sannu.

Haka kuma wannan ba ya maye gurbin likita. Mai ciwon asma kada ya ajiye abin shaƙarsa don ya karanta wannan. Mai hawan jini kada ya bar ƙwayoyinsa. Wanda ya yi tari fiye da mako biyu ya tafi a gwada shi, don maganin tarin fuka kyauta a ke ba da shi a asibitocin gwamnati. Wanda ƙirjinsa ke ciwo, ko numfashi ke ƙwace masa yana zaune, asibiti za a kai shi nan da nan. Wanda baƙin ciki ya danne shi mako da mako, ba barci ba cin abinci, ya nemi mai ba da shawara na kwaleji ko likita, babu abin kunya a ciki. Kai, lura da numfashi ma ita ke nuna maka lokacin tafiya asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan wata 2 zuwa 11 mai tari in yana numfashi sau 50 ko fi a minti, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in yana yin 40 ko fi, alamar ciwon huhu ce. Malaman ajin ƙananan yara da masu 'ya'ya a gida su riƙe waɗannan lambobi.

Abin da na ke roƙon hukumar kwaleji ba ya cin ko kwabo. Kafin a tura ɗalibai koyarwar gwaji, malaman sashen wasanni da kiwon lafiya su ba su awa guda a kan wannan, su nuna musu da hannu a ciki. A lokacin ƙaramar koyarwa da ɗalibi ke yi gaban 'yan ajinsu, a ba shi minti guda ya daidaita numfashinsa kafin ya fara. Mu masu dubawa kuma, in mun shiga aji mu saki fuska, mu bar ɗalibi ya yi ajiyar zuciya kafin mu buɗe takarda. Ku kuwa ɗalibai, ba sai kun jira an sa shi cikin jadawali ba. Ku fara yau da dare, minti 5, ku riƙe har wata guda, sa'an nan ku rubuto wa Edita abin da kuka gani, ko ya yi muku amfani ko bai yi ba. In kun kama aiki kuma ku koya wa yaranku, su yi kafin jarrabawa da bayan an dawo daga tara da ƙura a ka.

Kullum muna ce wa juna a yi haƙuri, muna cewa haƙuri maganin zaman duniya, amma ba safai mu kan nuna wa mutum ta inda zai kamo shi ba. Ni dai ga inda na ga ana kamo shi. Allah ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali, ya sa yaran da za a danƙa a hannunmu su amfana da mu, amin.